Wa ya taɓa zama gaban masu zuba jari na ƙasar waje?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da Stripe ta Amurka ta sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, a 2020 kan sama da dala miliyan 200, idon masu kuɗin waje ya dawo kan manhajojin Najeriya. Ga Moniepoint, wadda POS ɗinta ya cika kasuwanninmu, ta samu dala miliyan 110 a 2024, har da hannun Google a ciki. Mako mai zuwa zan gana da wasu masu zuba jari ta Zoom kan manhajata ta rubuta bashin 'yan kasuwa. Don Allah waɗanda suka riga ni, ku ba ni labari.

Yaya daga Kano:
Wa'alaikumussalam ƙanina. Ni tambayar da suka fara jefo min ita ce me ya hana mu komawa Legas. Raina ya sosu, amma na danne. Sai na kunna musu saƙon muryar wani dattijo mai hatsi a Dawanau, yana kirana 'yata, yana neman a duba masa kuɗin buhu arba'in na gero da bai ga shigarsu ba. Na fassara musu, na ce wannan bawan Allah ba ya karanta boko, da murya yake cinikinsa, kuma irinsa sun fi a ƙirga. Nan take matar da ke jagorantar zaman ta gyara zama ta ɗauki biro. Ba su ba mu kuɗi ranar ba, sai bayan wata biyar na bin takardu. Ka je da mutanenka a wayarka, kada ka je da zanen allo kawai.

Injiniya daga Kaduna:
Mu naira ce ta karya mana gwiwa. Bayan an bar kasuwa ta riƙa yanke farashinta a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Cinikinmu ya ninka a naira, amma da suka mayar da shi dala sai ya zama kamar baya muka ci. Suka ce mu dakata. Sun kuma nemi mu yi rajistar kamfanin a Delaware ta Amurka tukuna, kuɗin lauya kaɗai ya kusa cinye ajiyarmu.

Ɗan Jos:
Malam, ka cika batirin inbata, ka tanadi layi biyu. Ana tsakiyar magana aka ɗauke min wuta, na ƙarasa a tsakar gida, fitilar waya na haska fuskata.

Ɗan Fagge:
Allah Ya saka da alheri, Yaya. Gobe da sassafe zan shiga Kantin Kwari in naɗo muryoyin masu shagunan da ke amfani da manhajata, da izininsu. Injiniya, shaidar da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ke bayarwa ƙarƙashin dokar sababbin kamfanoni ta 2022, sun tambaye ku ita?