Batir ya ɓata manyan motocin gudu ko ya cece su?

Injiniya: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana: tun da aka fara cusa batir cikin manyan motocin gudu aka ɓata su. Ku dubi T.50 ta Gordon Murray, wadda ba ta da batirin tura taya. Inji V12 (mai silinda 12) na kamfanin Cosworth mai juyi 12,100 a minti, giyar hannu, direba a tsakiya kamar McLaren F1 da ya zana tun 1992. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba. AMG One ta Mercedes kuwa, mai batir, kilo 1,695. Buhun shinkafa goma sha huɗu ke tsakaninsu, kullum tana ɗauke da su a kowace kwana.

Ɗan Auta: Yallabai, da buhunan shinkafar nata AMG One ta zagaye hanyar tsere ta Nürburgring da ke Jamus cikin minti 6 da daƙiƙa 29 a 2024, Maro Engel na tuƙi. Babu motar titi da ta taɓa yin haka kafin ita. Ina lokacin T.50?

Injiniya: Murray bai ƙera ta don agogo ba, yaro. Don hannu da kunne ya ƙera ta.

Ɗan Auta: To ai kun sauya muhawarar kenan. Da farko kun ce an ɓata su, yanzu kuma daɗin tuƙi ake magana. Kuma wannan fankar da ke bayan T.50, wadda ke zuƙe iska ta manna motar da ƙasa, me ke juya ta? Lantarki ne, mai bolt 48.

Injiniya: Fanka daban, batir mai tura taya daban. Kada ka haɗa mini kaza da jimina.

Bakanike: Ku bari in sa baki, ni da hannuna ke cikin baƙin mai kullum. Amfanin lantarkin gaskiya ne. Inji mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, in ka taka totur sai ya ɗan yi jim kafin hayaƙi ya juya turbon, to a wannan ɗan tsakanin injin lantarki ke turawa. Abin da McLaren P1 ta yi kenan a 2013, shekarar da LaFerrari da Porsche 918 suka fito. Damuwata tsufa ce. Makon jiya na buɗe batirin wata ƙaramar mota a garejina, ƙwaya biyu kacal suka kumbura saboda zafi, amma motar gaba ɗaya ta ƙi tashi, allon gaba ya cika da fitilu. Mai ita har ya fara zancen sayar da ita a kilo. Nan da shekara talatin wa zai ƙera wa P1 ƙwayoyin batirinta, alhali guda 375 aka yi?

Ɗan Auta: Oga, ita McLaren F1 ɗin da ake yabo, ai an daɗe ana duba lafiyarta da tsohuwar kwamfutar Compaq ta shekarun 1990. Tsufa bai bar kowa ba.

Bakanike: Wannan haka ne. Amma ka faɗa musu kuma injin AMG One, da aka ciro daga motar tseren Formula 1, sai an sauke shi an sake ɗaure shi bayan kilomita 50,000.

Anti: Sannunku da fama. Injiniya, tunda kunne ka kawo, amsa mini wannan. Bugatti Chiron turbo huɗu gare ta, ƙararta kamar guguwa a cikin bututu. Da Mate Rimac ya karɓi ragamar kamfanin, mutumin da ya yi suna da Nevera mai lantarki zalla, kowa ya ɗauka inji ya mutu. Sai ga Tourbillon a 2024 da V16 mai lita 8.3, babu turbo ko ɗaya, juyi 9,000 a minti, kuma Cosworth ɗin naka ne suka taya ƙera shi. Injin na ba da doki 1,000, injinan lantarki uku su ƙara 800. Ba don batirin ba, da me za su cike gurbin turbo huɗun? Haka Valkyrie ta Aston Martin, V12 babu turbo, lantarki na taimaka mata. Ƙarar da kake kuka a kanta batir ne ya dawo da ita.

Injiniya: Ranki ya daɗe, kin kama ni a nan, ban musa ba. Amma Tourbillon kusan tan biyu ce. Ƙarfi suka nema sai nauyi ya biyo baya, nauyin kuma ya nemi ƙarin ƙarfi, da manyan birki, da faffaɗan taya. Murray da doki 660 da ɗoriya ya tsaya, don bai ɗora wa kansa kayan da zai ja ba.

Anti: Guda 100 ya yi, kuma masu sayenta ba sa tambayar agogo. Bugatti ba za ta fito da magajiyar Chiron da doki 660 ba, a yi mata dariya.

Injiniya: To masu saye ne suka ɓata su kenan, ba batir ba.

Ɗan Auta: Yallabai ya sake sauya muhawara.

Bakanike: Ku ci gaba, an turo mini wata da ta ƙi tashi. Wannan ma batir ne, amma na bolt 12.