Dan Allah ya kuke yi da abinci idan kun je ƙasar da ba ku sani ba?

Baƙuwar_Hanya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba fita. In Allah ya yarda wata mai kamawa zan yi tafiya ni da mahaifiyata, za mu fara sauka Istanbul a Turkiyya daga nan mu wuce Guangzhou a ƙasar Sin, sannan akwai yiwuwar ni kaɗai daga baya in je Italiya saboda aiki. Wallahi zancen jirgi da masauki duk bai dame ni ba kamar zancen abinci, don Mama abu kaɗan ke ɓata mata ciki, ga maganar halal, ga kuɗi ma ba wani mai yawa muka ware wa ci ba. Wasu sun ce kar mu kuskura mu ci komai a bakin titi mu tsaya a na otal kawai, wata kuma ta ce min na otal tsada ne kawai babu daɗi. To wanne zan ɗauka? Ta yaya mutum zai gane wurin da ya dace ya zauna alhali ko yarensu ba ya ji? Sannan zancen tukwicin masu kawo abinci, dole ne ko ganin dama?

Ɗan_Fatake:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kai ku lafiya ya ƙara wa Hajiya lafiya. Wuraren nan biyu na farko na san su don harkar kasuwa ke kai ni, to bari in faɗa miki abin da nake yi.

Istanbul ba za ki sha wahala ba ko kaɗan. Ki nemi irin gidajen abincin da suke kira lokanta, waɗanda 'yan kasuwa da ma'aikata ke cika da rana, za ki ga abincin a jere cikin manyan tire a bayan gilashi yana turiri, ba sai kin iya Turkanci ba, nuni kawai za ki yi da yatsa a zuba miki. Akwai miyar lentil, wani irin ƙananan wake, mai ɗumi da ake kawowa da burodi da lemon tsami, akwai farin wake da shinkafa, akwai kaza da kayan lambu, duk abubuwa ne masu sauƙi a ciki, Hajiya za ta ji daɗinsu. Ku je tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu lokacin da aka sauke girkin, kar ku bari sai la'asar an kwashe mai kyau saura ya daɗe a kan wuta. A unguwannin Laleli da Aksaray da Fatih suna nan birjik, ki shiga lungu ɗaya ko biyu daga babban titi kawai. Amma kewayen Sultanahmet, unguwar 'yan yawon buɗe ido, inda za ki ga mutum tsaye a ƙofa riƙe da menu mai hotuna da yare biyar yana ta kiranki, ki wuce abinki, wurin da abincinsa ke da kyau ba ya buƙatar mai janyo mutane daga titi. Na kan titi kuma simit, burodin nan mai zagaye mai riɗi, babu matsala, sai gasasshen kifi cikin burodi a Eminönü kusa da gadar Galata, a gabanki ake gasawa. Abu ɗaya da zan ce kar Hajiya ta taɓa shi ne midye, ƙumbar teku da ake cusa wa shinkafa ana sayarwa a tire, don a waje take wuni.

Guangzhou ce ke buƙatar buɗe ido. A can alade yana shiga inda ba ki zata ba, ki ce a kawo miki ganye kawai amma an soya shi da kitsen alade ko an barbaɗa niƙaƙƙen nama, romon taliya ma sau da yawa na ƙashinsa ne, ga wata giya ta girki da suke zubawa a miya. Abin da za ki nema shi ne alamar 清真, wato halal, a saman ƙofa, yawanci allon kore ne, ki ajiye hotonta a waya. Shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin ƙasar ne, kusan ko wace unguwa akwai, a gabanki za a ja taliyar da hannu a jefa a tafasasshen ruwa, ga araha. Unguwar Xiaobei kuwa cike take da gidajen abincin Musulmi, na 'yan Xinjiang da na Larabawa da na Turkawa, haka ma kewayen masallacin Huaisheng. In kin zauna aka kawo butar shayi da wani kwano babu komai a ciki kar ki yi mamaki, mutanen yankin suna ɗauraye kofi da tsinken cin abincinsu da shayin ne su zuba ruwan a kwanon. Kuma a wasu wuraren ana sa kuɗin shayi a kan ko wane mutum, tishu ma da kuɗinsa, ba cuta ba ce haka tsarinsu yake.

Baban_Yara:
Ni dai ra'ayina daban ne gaskiya. Tafiya da dattijuwa ba wasa ba ce, ciwo a ƙasar mutane ga asibiti da tsada ga ba mai jin yarenka. Ku kama masauki mai ɗan kicin ku shiga babban kanti ku sayo ƙwai da burodi da shinkafa da 'ya'yan itace ku dafa da kanku, in za ku ci a waje ku ci a otal ko manyan wuraren da aka sani. Bakin titi ƙura, ƙuda, hannun da ya karɓi kuɗi shi ne zai taɓa abinci. Ban ga dalilin da zai sa a yi kasada da lafiyar uwa saboda ɗanɗano ba.

Anti_Nas:
Baban_Yara maganarka ta masauki mai kicin na yarda da ita ɗari bisa ɗari, musamman don karin safe da daren da Hajiya ta gaji ba ta son fita. Amma cewa otal shi ne lafiya titi shi ne ciwo, a nan ne ban bi ka ba, kuma aikina na nas ne ya sa nake son a gyara wannan fahimtar don tana sa mutane su saki jiki a inda bai kamata ba.

Ƙwayar cuta ba ruwanta da kyan kujera ko kwalliyar gini, abin da take so shi ne abinci ya daɗe a ajiye ba zafi ba sanyi. Tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Celsius nan take hayayyafa, shi ya sa bufe ɗin otal, wato abincin da kowa ke zuba wa kansa, da aka jera tun safe, shinkafa ta huce, miya ɗumi-ɗumi, salak a buɗe kowa na sa cokali, zai iya fin haɗari a kan mai kasko a bakin hanya da ya soya abu ya miƙo miki yana ƙona hannu. Shinkafar da ta kwana a waje ma tana da nata, akwai ƙwayar da ke barin guba a ciki wadda ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna rasuwa, to abin ba ƙarami ba ne, amma maganinsa lura ce.

Ƙanwata in kin tsaya gaban mai sayarwa ki ba kanki minti biyu kina kallo kafin ki ce a zuba. Akwai layi? su waye a layin, in kin ga mata da yara da tsofaffin unguwar to alama ce mai kyau, don su ne za su dawo gobe, kuma layi yana nufin abinci ba ya zama. Ɗanyen nama da dafaffe a katako ɗaya ake yanka su? Da wane ruwa ake wanke kwanuka, mai gudu ne ko bokiti ɗaya tun safe? Maganar Baban_Yara ta hannun kuɗi gaskiya ce, ki duba ko akwai mai karɓar kuɗi daban.

Ga Hajiya kuma ki kiyaye waɗannan: ruwa sai na gora wanda ke kika buɗe murfinsa, Istanbul da Guangzhou duka mutanen garin ma ba kasafai suke shan na famfo kai tsaye ba, a Sin ma ruwan zafi za a ba ki kuma hakan ya fi. Ƙanƙara a lemo a bar ta in ba ki san da ruwan da aka yi ta ba. Ɗanyen salak, miyar da aka bari a kan tebur, kayan teku da ba su dahu sosai ba, 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye, duk ta haƙura, ta ci wanda za ta ɓare da hannunta irin ayaba da lemo. Kuma a kwanakin farko kar ku haɗa sabbin abubuwa da yawa a rana ɗaya, wani lokacin ba cuta ba ce, mai ne da yaji da cikin bai saba ba ga gajiyar jirgi.

Ku tafi da ORS, garin gishiri da sukari na masu gudawa, a jaka. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kuwa aka ga jini a bayan gida ko zazzaɓi ko ta kasa riƙe ruwa a ciki, kar a ba ta maganin tsayar da gudawa, asibiti za a nufa. Kafin ku tashi ta ga likitanta a yi maganar rigakafin taifot da na ciwon hanta nau'in A, musamman in tana shan maganin suga ko na hawan jini don rashin ruwa a jiki yana taɓa su.

Ɗalibi_a_Turai:
Yaya ni bari in taɓa na Italiya da zancen bil tunda ba a taɓo shi ba. Na farko lokaci, yawancin gidajen abinci suna rufe kicin wajen biyu da rabi zuwa uku ba za su buɗe ba sai bakwai ko bakwai da rabi na dare, in kika ga wuri a tsakiyar gari yana ba da abinci ƙarfe biyar to don baƙi aka buɗe shi. A bil za ki ga wani abu coperto, kuɗin zama ne da burodi a kan ko wane mutum, yuro kaɗan ne kuma a rubuce yake a menu. Kofi in kin sha a tsaye a kanta kuɗinsa daban in kin zauna a tebur daban, a manyan dandali bambancin yana da yawa sosai. Sai kifi, ki kula, sau da yawa farashin da aka rubuta na giram 100 ne ba na kifin gaba ɗaya ba, ki sa a auna a faɗa miki kuɗin kafin a gasa.

Halal kuma kar ki dogara da ido. Taliyar carbonara da ta amatriciana da naman alade ake yi, wasu burodi irin piadina da kitsensa ake kwaɓawa, risotto, wato shinkafarsu, galibi ana zuba masa giya, kayan zaƙin nan tiramisu ma wasu suna sawa. Ki tambaya kai tsaye ba sa jin haushi, sun saba, tun 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta musu bayyana abubuwa 14 masu tayar da alaji, wato waɗanda jikin wasu mutane ba ya karɓa, sai dai alade da giya ba sa cikin jerin nan don haka da bakinki za ki tambaya. Pizza margherita ko marinara, taliya da tumatir, gasasshen kifi, waɗannan sun wadatar, kuma kusa da manyan tashoshin jirgin ƙasa ba a rasa shagunan Musulmi.

Tukwici ya danganta da ƙasa. Italiya ba dole, ki bar ɗan canji in kin ji daɗi. Turkiyya ana barin kamar kashi 5 zuwa 10 a wurin da aka yi miki hidima a tebur, a lokanta ba wanda zai jira. Sin ba a bayarwa, Japan ma haka. Amurka ce ya zama kamar wajibi, kashi 15 zuwa 20, saboda mafi ƙarancin albashin tarayya na masu karɓar tukwici dala 2.13 ne a awa tun 1991, ga haraji da ba a sa shi a farashin menu sai a bil. In kuma za ki biya da kati na'urar ta tambaye ki da wane kuɗi, ki zaɓi kuɗin ƙasar da kike ciki, ɗayan canjinsa ya fi tsada.

Baban_Yara:
Anti na ji bayaninki kuma na ƙaru, zancen bufe ban taɓa kallonsa haka ba. Amma dai ina nan a kan cewa dare ɗaya ko biyu na farko su ci abin da suka dafa har cikin Hajiya ya daidaita.

Baƙuwar_Hanya:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta wa Mama duka har ta ce a nemo mata miyar lentil ɗin tun ranar farko. Za mu nemi ɗaki mai kicin kamar yadda Baban_Yara ya ce. Saura abu ɗaya, Malam Ɗan_Fatake, na ji an ce a Sin ba a karɓar tsabar kuɗi yanzu, to ƙananan shagunan taliyar nan ya zan biya su?

Ɗan_Fatake:
Ana karɓa 'yar uwa, sai dai wani mai shagon ba shi da canji don kusan kowa da waya yake biya, to ki riƙe ƙananan takardu na yuan 10 da 20. Amma ki sauke Alipay ko WeChat, manhajojin da ake biyan kuɗi da su a can, tun kafin ki tashi ki haɗa da katinki ki tabbatar ya yi aiki, don wasu wuraren menu ɗin ma a QR ɗin kan tebur yake, wato alamar nan da ake ɗauka da kyamarar waya, da shi za ki zaɓi abinci da shi za ki biya. Google da WhatsApp ba sa buɗewa da layin can, saboda haka manhajar fassara ki sauke yaren Sinanci a cikinta yadda za ta yi ko babu intanet, sannan ki sa wani a masaukinku ya rubuta miki a takarda cewa ba kwa cin alade da kitsensa da giya, da kuma cewa a rage wa Hajiya yaji da mai, ki dinga nuna wa mai girkin kafin ya ɗora.