Dakon barewa da baka mai kunama (wanda ake harbawa kamar bindiga) a gonakin jihar Ohayo ta Amurka

Ɗan Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. Lasisi ya fito, mai gona ma ya sa hannu a takardar izini. An girbe masara, akwai ɗan kurmi ta yamma. A ina ya kamata a ɗaura kujerar dakon barewa a kan itace a satin farko na Nuwamba?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Rabu da tsakiyar gona. Lokacin barbara kishimi ba ta ci yake yi ba, mata yake bi. Nemi inda kurmi ya tsuke, ko gaɓar rafi, ko jikin shinge. In ka ga itatuwan da ya saɓule wa ɓawo da ƙaho, da inda ya tone ƙasa ƙarƙashin reshe ya yi fitsari, to hanyarsa ke nan. Zauna inda iska ke tasowa daga wajensa zuwa gare ka.

Kawu: Kuma kar ka sauko da hantsi. A waɗannan kwanaki har rana tsaka yawo suke.

Maharbi: Ɗan Auta, kafin maganar wuri, bakan nan ka san halinsa? A ƙasa ake ɗana shi, da igiyar ja, ƙugiyoyi biyun su zauna daidai. In tsirkiya ta karkata ko kaɗan, kibiya gefe za ta yi. Sa makullin kunama, ka hau, sannan ka jawo shi da igiya ba kibiya a kai. Kai ma belt ɗinka na ɗaure da itace tun daga tsanin farko. In ka sa kibiya, tura ta har gindinta ya taɓa tsirkiya, fiffike mai launi daban yana cikin kwarmin da kibiya ke kwanciya. Ka bar rata, tamkar ka saki baka ba kibiya ne, hannuwansa na iya tsagewa. Kibiya mara nauyi ma haka take yi, bi nauyin da kamfanin ya rubuta. Yatsu kuwa ƙarƙashin layin tsirkiya, babban yatsa take ɗaukewa. Duba hagu da dama, in hannun baka ya bugi gindin itace lokacin saki, harbi ya ɓaci. Shafa kakin zuma a tsirkiya, amma ban da tsakiyar da ke shiga kunama. Nisa kar ya wuce yadi 30 zuwa 40. Ƙarar harbi ta ninka kibiya gudu wajen sau uku, barewa kan durƙusa kafin kibiya ta iso, sai a same ta a gadon baya.

Na-Wiskonsin: Kan kibiya mai buɗewa in ya bugi dabba ka saya, ya fi tafiya daidai.

Kawu: Wannan kam ban yarda ba. Ya gamu da ƙashin kafaɗa ya tsaya. Kafaffen kai mai kaifi ya fi ratsawa.

Na-Wiskonsin: Ai Kawu ba kafaɗa ake nema ba, bayanta kaɗan ne, wajen huhu.

Kawu: Kishimin da ke bin mace tsaya maka zai yi ka zaɓa?

Baban Amira: Ku yi haƙuri. Kowanne ka ɗauka, gwada shi a bango tukuna, don ba lalle ya faɗa inda tsinin gwaji ke faɗawa ba. Dokar Ohayo dai faɗinsa kar ya gaza kashi uku cikin huɗu na inci.

Ɗan Auta: Malam, in na tarar ta mutu fa, ta halatta?

Malam: Ka yi bismilla lokacin saki, kibiya ta huda ta zubar da jini, ta halatta. In ka riske ta da rai, yanka ya wajaba. Wuƙa na jikinka.

Maharbi: Amma a duba jinin kafin a bi sawu. Ja mai kumfa huhu ne, rabin awa ya isa. Mai duhu hanta ce, a ba ta awa huɗu zuwa shida. In kibiya ta fito da kore-kore tana wari, tumbi ne, sai awa takwas ko fiye. Ka matsa mata da wuri ta tsallaka gonar maƙwabci, can kuma sai da wani izinin.

Malam: Ga dalilin da ya sa nake cewa in ba ka ga bayan kafaɗa sarai ba, kar ka saki. Wahalar da dabba ce, ga kuma shubuha in ta kwana.

Na-Wiskonsin: Wa ke da igiyar ja ta aro? Tawa ta tsinke.