Mun yashe kwata amma shara ta ƙi tashi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu magoya bayan Kano Pillars ne a wata unguwa ta cikin birni, kuma muna da ƙaramin kulob na samari da ke atisaye kullum bayan la'asar. Tun watan Mayu, kafin damina ta kankama, muka yanke shawarar cewa duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, za mu riƙa yashe kwatocin layinmu. Mai unguwa ya sa albarka, dattawa suka ara mana shebur da baro.

Yasar ba ita ce matsalar ba. Abin da muka tono, leda da robar lemo da baƙin taɓo, shi ne ya tsaya mana a wuya. Mukan tara shi a bakin titi, motar kwashe shara ba ta shigowa lungunmu, ruwa ɗaya in ya sauka sai ya mayar da komai inda muka ciro shi. Sau biyu ke nan. Har wasu maƙwabta sun fara yi mana dariya, kuma ban ga laifinsu ba.

Mun gwada karo-karo a gidan kallon ƙwallo don biyan masu kura, kuɗin bai kai ko'ina ba. Ga shi kwalba ta yanke golanmu a ƙafa, koci ya ce ba ɗan wasan da zai ƙara shiga kwata babu dogon takalmin roba.

Don Allah waɗanda suka taɓa irin wannan aikin gayya, yaya kuke yi da sharar a ranar? Takarda ake kaiwa ƙaramar hukuma, ko ta hannun dagaci ake bi?