Ganyen katafa ya ƙi sauke pH, ina matsalar take?

Mai_Tetra:
Assalamu alaikum. Tanki mai lita 100, kifin kadinal tetra, ruwan rijiyar burtsatse. Ganyen katafa (almond na Indiya) da na zuba don sauke pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya mai da ruwan kalar shayi, amma pH na nan a 7.8. Me ya rage?

Baban_Discus:
Wa alaikumus salam. Malam, auna KH, wato yawan kabonet da ke cikin ruwan, tukuna. Muddin ya haura 4, kabonet ɗin ruwan zai shanye tsamin ganyen, kala kawai za ka samu. Haɗa ruwan RO (wanda na'ura ta tace ma'adanansa) kashi uku da na rijiya kashi ɗaya, abin nema shi ne KH ya sauko tsakanin 1 da 2. Sannan busasshen ganye ɗaya ga kowace lita 40 zai taimaka wajen sauke pH ɗin. Kifin daga kogin Rio Negro na Brazil yake, inda pH kan yi ƙasa da 5, amma ba sai ka bi shi can ba.

Hajiya_Apisto:
Ɗiga ruwan khal (binega) a kan duwatsun tankin. Wanda ya yi kumfa, fitar da shi, yana ƙara KH. Gawayin matata ma cire shi, tannin, sinadarin ganyen mai rina ruwa, yake tsotsewa.

Baban_Discus:
Gaskiya ne, Hajiya. Kuma in pH ya faɗi ƙasa da 6, bakteriyar matata kan rage aiki, amoniyam, sinadarin da ke fitowa daga kashin kifi, ya taru. In ka zuba ruwa mai pH sama da yawa lokaci guda, sai amoniyam ɗin ya rikiɗe ya zama amoniya mai guba, ya ƙona matarfatar kifin, inda yake numfashi. Canja lita 10 zuwa 15 a mako, da ruwan da aka riga aka daidaita.