Kamfaninmu na Kuwait zai tura mu aiki Iraki, in je ko in haƙura?

Mai Tipa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina jan tipa a wani kamfanin gine-gine nan Kuwait, yanzu sun samu kwangila a Basra suna neman direbobin da za su tsallaka. Mudir, wato manajanmu, ya ce za a ƙara min dinari 60 a kan albashi, wurin kwana da abinci a kansu, amma sai na sa hannu na shekara ɗaya. Abin da ya fi damuna iƙamata, wato takardar izinin zamana a Kuwait, an ce in ka wuce wata shida a waje ta mutu. Dan Allah wanda ya taɓa aiki can ya ba ni shawara.

Baban Yara: Wa'alaikumus salam. Ikon Allah, yau Kuwait ce ke gina Iraki. Ƙasar da Saddam ya mamaye ranar 2 ga Agusta 1990, sojojinsa suka cinna wa rijiyoyin mai sama da 600 wuta kafin su fita, kuma ita ce ta tara ƙasashe a Fabrairun 2018 aka yi alkawarin kusan dala biliyan 30 don sake gina Iraki, ita kanta ta ce za ta sa biliyan 2. Ka je malam, aikin lada ne.

Tsohon Birkila: Baba da girmanka, lada wa ya gani? Iraki ta ce biliyan 88 take buƙata, 30 ɗin ma yawancinsa bashi ne da zuba jari. Ni na yi aiki a Mosul bayan an kori ISIS a 2017, a tsohon gari ta yammacin kogin Dijla, wallahi ba ma taɓa bulo ɗaya sai masu kwance bam sun wuce sun sa alama, wani gidan ka ɗaga dakali ka tarar da takalman yara da tukwane a ƙasa. Duk wannan na jure. Abin da ya karya min zuciya ɗan kwangilar da ya ɗauke mu, kullum sai ya ce kuɗi ba su sauko daga sama ba, albashin ƙarshe har yau shiru, fasfo kuma yana aljihunsa sai da na yafe kuɗina kafin ya ba ni. Na dawo da jaka ɗaya da ciwon ƙirji na ƙura.

Dan Farwaniya: Allah ya saka maka. Amma Mosul daban Basra daban, Basra tana kudu, daga Abdali, bodar Kuwait, ka tsallaka Safwan, bodar Iraki, ka kusa isa. Kuma dinari 60 ya yi kaɗan, abokina dala 900 yake karɓa can.

Maman Biyu: Wane 900? Mijina bai taɓa wuce 500 ba. Ku daina ruɗa bawan Allah.

Tsohon Birkila: Dan Farwaniya kai ka taɓa taka Iraki ne? Labarin aboki ai ba gogewa ba ce.

Autan Gareji: Yaya Mai Tipa in za ka je ka riƙe ƙwai, zafin Basra yana haura 50, a kan bonet za ka soya abinka 😂

Dan Farwaniya: Ban je ba amma ina bin labari. Kuma Baba, ba kyauta zalla ba ce, Iraki sai da ta biya diyyar mamayar dala biliyan 52.4, a 2022 ta gama.

Maman Biyu: Ni maganar fasfo ce ta tsaya min. Nan Kuwait ɗin ma doka ta hana kafili, wato ubangidan da ya ɗauke ka aiki, riƙe fasfon ma'aikaci amma nawa ne a cikinmu nasu ke hannunsu? Nawa yana durowar madam tun ranar da na sauka, ko kwafi sai na roƙa.

Tsohon Birkila: Hajiya ki kai ƙara ofishin ma'aikata, amma ki fara samun inda za ki kwana kafin ki je, don ranar da madam ta ji labari za ta iya rubuta cewa kin gudu.