Ina neman taimako kan bayanin binciken karon suna a Git

Salamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da bayanin da zan rubuta a cikin lambar Git (manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli), a saman aikin (function) refs_verify_refname_available, mai hana reshe (branch) mai suna "gyara" zama tare da wani mai suna "gyara/shafi". Da farko na rubuta cewa dalilin shi ne refs/heads/gyara, wato fayil ɗin da Git ke ajiye reshen "gyara" a ciki, ba zai zama fayil kuma folda lokaci guda ba, alhali "gyara/shafi" na buƙatarsa a matsayin folda. To amma reftable, sabon tsarin ajiye rassa da ya shigo a Git 2.45, ba ya ware wa kowane reshe fayil, kuma har yanzu ana hana karon. Ke nan bayanina rabin gaskiya ne. Shin in ce an bar dokar ne domin ma'ajiyoyi masu tsarin fayil da masu reftable su dace da juna? Wanda ya taɓa wannan ɓangaren, don Allah ya haska mini.